Kwanon Bakin Ƙofa

Sau uku na tafasa ruwan nan tun asuba,
sau uku butar ta huce tana jirana,
ina can ina shirya durowar cokula
da ba wanda ya aike ni.
Bradford ta waye da yayyafinta,
motar bakwai da kwata ta wuce ba ni.

Shekara talatin da tara ina amsa sunaye.
Saude mai rawar kai.
Saude kunnen ƙashi.
Saude da za ta bar kanta a kasuwa
ba don a manne yake da wuya ba.
Malamin lissafinmu a Gusau ya rubuta da jan biro:
akwai kai, babu zama.
Na ɗauko rubutun nan a ƙirji har Ingila,
sikelin filin jirgi bai ga nauyinsa ba.

Sai bara, bayan doguwar jira,
wata likita mai furfura ta ce in kwatanta.
Na ce, kaina tasha ce ranar jajibere,
kowane ɗan kamasho na kiran garinsa,
ni ce fasinja, kuma duk ina son zuwa.
Ta ce abin yana da suna,
haruffa huɗu na Turanci.
Ta ce ba lalaci ba ne.
Na yi kuka a bas har na wuce layinmu.

Yanzu ga abin da nake yi.

Kwanon shan da Inna ta cusa mini cikin kaya,
na girke shi a bakin ƙofa.
Nan makulli ke kwana, da katin aiki.
Abin da ba ya cikin kwanon nan
sai dai a yi masa addu'a.

Magani sai na sa loma a ciki,
jiri ne ya koya mini haka.
Ƙwai biyu, tun dare nake dafawa,
don Sauden safe ba ta da tabbas,
Sauden dare ce ke yi mata tanadi
kamar yaya da ƙanwa.

Waya a kicin take kwana.
Ta yi ta ƙifta ido ita kaɗai.

Ranar Lahadi Balaraba na kira daga Leeds.
Ba hira muke ba.
Ta jingina wayarta tana yankan kuɓewa,
ni ina ninke wankin sati biyu.
Idonta kawai nake aro,
in na gama in mayar mata da abinta.

In kan ya cika ya batse
sai in zura takalmi, in nufi Lister Park,
in zagaya tafkin har sai ƙafa ta shanye surutun.
Agwagin nan ba su taɓa tambayata
me ya sa na makara ba.

A salla ma yana biyo ni.
Uku na yi ko huɗu?
Da can sai in sallame da haushin kaina.
Yanzu na tuna akwai ƙabli, akwai ba'adi:
Wanda ya san za mu manta
ya ajiye wa mantuwa sujada biyu.
To ni wace ce da zan hana kaina?

Ba wai na warke ba.
Wasiƙar 'yan haraji ta yi sati uku a kan firij,
ina wuce ta kamar mai bina bashi.
Na biya tara.
Ban zagi kaina ba.
To, na zaga, amma kaɗan,
kuma na ci tuwona bayan nan.

Ga ruwa na huɗu a wuta.
Wannan karon na dafa hannun butar,
ina tsaye, ina ƙirga ɗigon da ke bin taga,
har ta kira, na amsa.
Akwai wata motar bakwai da rabi.
Na leƙa kwano.
Makullin yana nan.